Biro da Janareto

Litinin, ƙarfe 2 na rana

Littafin rubuta layin masu aski ne wannan, amma tunda yanzu kowa ta waya yake kama layi, bari in ci sauran shafukan. Ba ni da wanda zan gaya wa, in kuma ban fitar da maganar ba cikina zai fashe.

'Yata Auta ta haihu ranar Alhamis, saura wata biyu lokacinta ya cika. Mace ce, kilo ɗaya da ɗigo uku. Suna can asibiti, jaririyar a cikin kwalba, uwar a kan kujerar roba kusa da ita. Mijinta yana aikin gada a can nesa, kwana biyu kacal suka ba shi ya koma. Don haka aka yanke, in an sallame su gidanmu za su zo, ɗakin da Auta ta girma a ciki.

Jiya ina tsaye a bakin ƙofa nas ta zo da takarda tana yi wa Auta tambayoyi, ruwa, wuta, taga nawa ne a ɗakin. Sai ta ce, "Akwai mai shan taba a gidan?"

Auta ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Babu. Babana ya daina, shekara biyu ke nan."

Nas ta ce madalla, don huhun yarinyar nan bai gama ƙwari ba, ko warin da ke maƙale a riga zai iya dawo da ita asibiti. Ta ja layi a takardarta. Ni kuwa ina ta kallon takalmina kamar yau na saye shi.

Litinin, ƙarfe 6 na yamma

Na daina ɗin mana, ta wani gefen. Shekara biyu da suka wuce na sayi sigarin caji, ƙaramin nan mai kama da karan taba, har da 'yar jar wuta a baki. Matata, wadda nake kira Gwamnati don abin da ta faɗa shi ne doka, ita ta sa masa suna biro. Ta san da biro. Auta ba ta sani ba, don yana ɓacewa a tafin hannu.

Abin da su biyun ba su sani ba shi ne biro ba ya kai ni la'asar. Kafin azahar ya fara lumshe ido, in ja in ja kamar mai tsotsar busasshen ƙashi. Daga nan sai in ce wa Dogo, abokin aikina, zan zagaya bayan shago. Kara uku na ainihin taba a rana. Wata rana huɗu. In dawo in wanke hannu da sifirit, in watsa turaren bayan aski a wuya. Shekara talatin da ɗaya ina aski, in akwai abin da na iya bayan riƙe kilifa, to ɓoye wari ne.

Nas ta ce sati uku zuwa huɗu za a sallame su, in komai ya tafi daidai.

Talata, ƙarfe 11 na safe

Daga yau babu zagayawa. Biro kawai.

Talata, ƙarfe 5 na yamma

Biyu.

Laraba, ƙarfe 3 na rana

Dogo ya gane. Yo ai dole, shekara tara kujerarsa na kusa da tawa. Ya ce, "Oga, ka yar da wannan tsinken ka sayi irin nawa."

Nasa babba ne, ya cika hannu, da 'yar kwalbar ruwa a kai da maɓalli a gefe. In ya ja sau ɗaya a ƙofar shago sai ka rantse an kunna wa shara wuta. Janareto muke ce masa. Dogo ya ce tun da ya koma kansa, shekara ɗaya da rabi, ko ashana bai sake riƙewa ba. Wai batirin yana wuni, kuma ja uku ya ishe shi ya manta da abin har awa biyu.

Na ce, "Ni da nake son in rabu da abu, sai in je in sayo ubansa?"

Ya ce, "To zauna da ɗan, yana aikenka bayan shago kullum."

Raina ya ɓaci don gaskiya ya faɗa. Na ce ya kula da kan da ke gabansa, ya karkata wa mutum layi.

Alhamis, ƙarfe 1 na rana

Na yanki Hedimasta a kunne. Ni! Tsohon shugaban makaranta, shekara ashirin yana zama a kujerata bai taɓa ganin jininsa ba. Ina cikin yi masa gyaran fuska hannuna ya goce, reza ta taɓa. Tun safe ban zagaya ba, biro kuma ya mutu tun sha ɗaya.

Ina danna masa auduga ina ba shi haƙuri, Dogo da bakinsa da ba ya rufuwa ya kwashe labarin biro da janareto ya zuba masa. Hedimasta ya ce, "Mai son rage ci ba ya sayen babbar tukunya. Ka daure kawai, ka zama namiji. Ni rana ɗaya na ajiye."

Na tambaye shi kara nawa yake sha a lokacin. Ya ce ɗaya, ranar albashi. Allah Ya sa hannuna na kan auduga, ba kan reza ba.

Amma maganarsa ta zauna mini. Da biro ina jin saura ƙiris in fita. In na riƙe janareto ai na yarda ke nan cewa ina ciki tsundum.

Juma'a, ƙarfe 7 na yamma

Na je asibiti. Ta gilashi ake leƙawa. Ƙafar jaririyar ba ta kai babban yatsana ba, wallahi. Ƙirjin yana hawa yana sauka da sauri da sauri, na kasa daina ƙirgawa. Auta ta rame, idonta ya faɗa. Ta ce, "Baba, ka gan ta? Goshinka ta ɗauko, Allah Sarki, ba ta yi sa'a ba." Na yi dariya, amma na tsaya nesa da ita taku biyu.

Ta ce surukarta ta sake bugowa, wai su je can wurinta, gidan da fili, babu hayaniya. Tafiyar awa huɗu ce a mota. Auta ta ce mata ta gode, amma gidan ubanta za ta.

A bakin get akwai wani mai tebur da ke sayar da taba. Ban san lokacin da na tsaya ba.

Asabar, ƙarfe 4 na yamma

Gwamnati ta sa na fitar da komai na ɗakin Auta. Mun wanke bango, mun shanya katifa, ta sa na hau tsani na goge fanka fiffike ɗaya bayan ɗaya. Tana aiki tana waƙa. Na manta rabon da in ji ta tana waƙa.

Ta ce, "Malam, wannan biron naka ma a waje za ka riƙa yi, ka ji ko? Can bakin titi."

Na ce to.

Uku yau. Ƙurar ɗakin ce ta sa, ko kuma ni ne.

Litinin, ƙarfe 12 na rana

Na je shagon da Dogo ya kwatanta mini, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da gilashin ido. Sai da na wuce ƙofar sau biyu kafin na shiga. Wata yarinya ce a ciki, ba ta fi sa'ar Auta ba. Na nuna mata biro, na ce batiri kawai nake nema.

Ta ce, "Baba, kana haɗawa da taba?"

Na ce jefi-jefi.

"Nawa a rana?"

Na ce ɗaya.

Ta kalli yatsuna, ta kalle ni. Na ce huɗu.

Ba ta yi dariya ba, Allah Ya yi mata albarka. Ta ce ƙaramin yana yi wa wasu, musamman wanda dama bai yi nisa ba, kuma in yana riƙe mutum to babu dalilin canzawa, ƙarin wahala ne kawai. Amma wanda ya shekara biyu yana ja yana komawa, ai ya riga ya samu amsarsa. Ta ce babban yana da nasa: sai an zuba ruwa, sai an canza audugar ciki, ga nauyi, kuma ba ya shiga aljihu ya yi shiru. Ta ce kada in ɗauka magani ne, tsani ne kawai, ana takawa ne a sauka. Da na ambaci jaririya sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Ko wanne ka riƙe, kada tururinsa ya kusanci ɗakin. Ka tambayi masu asibitin, su suka sani."

In tambaye su da wane bakin? A takardarsu babu mai sha a gidanmu.

Na ce zan yi shawara. Na fito da batirin biro.

Laraba, ƙarfe 10 na safe

Auta ta bugo tana kuka. Ban gane rabin abin da ta ce ba. Sun mayar wa jaririyar da robar numfashi a hanci.

Laraba, ƙarfe 6 na yamma

An ce ta dawo daidai. An ce yana faruwa da irinsu, suna mantawa ne su ja numfashi. Suna mantawa! Gwamnati tana can tun safe. Ni na yi aski goma sha ɗaya, ban san kan wa na taɓa ba.

Ba zan rubuta lambar yau ba.

Alhamis, ƙarfe 2 na rana

Na sayo janareto. Baƙi na zaɓa, wai don kada ya ja ido, kamar mai ɓoye akuya da baƙin zane.

Yarinyar shagon tana ta bayani, a bar auduga ta jiƙa minti goma, a danna kaza, a yi kaza, ni kuwa idona na kan ƙofa kada wani da nake wa aski ya wuce. Abu ɗaya na tsaya na yi gardama a kai. Ta miƙo mini ruwa mai sauƙi, na ce a'a, ta ba ni mai ƙarfin nan irin na cikin biro. Ta ce babban yana turo tururi da yawa, mai ƙarfin zai yi mini yawa. Na ce, "'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake wannan harka." Ta ba ni.

Alhamis, ƙarfe 5 na yamma

Wayyo Allah. Ja huɗu na yi irin na taba, da ƙarfi da sauri. Shagon ya juya, madubai suka hau kan juna, zufa ta keto mini, na durƙusa a kan kwandon gashi na amayar da abincin rana. Dogo yana riƙe da ni yana dariya har da hawaye, don na riga na ba shi labarin gardamata da yarinyar. Wai, "Oga, tun ba a haife ta ba!" Wanzami ba ya son jarfa, yau na yarda.

Na koma da ƙafata na karɓi mai sauƙin. Ta ce in ja a hankali, dogo, kamar mai shan shayi da zafi. Ko "ai na gaya maka" ba ta ce ba, wannan ya fi ciwo.

Juma'a, ƙarfe 6 na yamma

Ban zagaya ba. Tun safe har yanzu. Ina ta duba agogo ina jiran abin ya taso, ya taso kaɗan wajen ƙarfe uku, na fita ƙofa na ja sau uku, ya kwanta. Tsoro nake ji in yi murna.

Asabar, ƙarfe 6 na yamma

Kwana biyu.

Litinin, ƙarfe 8 na safe

Kwana huɗu in na kai yamma. Kilo ɗaya da ɗigo shida, an cire robar.

Matsalar ita ce gida. A aljihun tebur na shago nake barin janareto, in koma gida da biro, shi kuwa biro yanzu iska ce kawai. Jiya Lahadi ba shago, na wuni ina zagaye tsakar gida, na yi wa Gwamnati tsawa a kan murfin bokiti. Murfin bokiti, jama'a. Ta dube ni kawai ta ci gaba da ninke kayan jarirai.

Yau zan tafi da shi gida. Zan sa shi cikin jakar kilifa.

Talata, ƙarfe 7 na safe

Gwamnati ta gani jiya da dare. Ta buɗe jakar tana neman almakashi. Ta ɗago shi da yatsa biyu ta ce, "Wannan kuma rediyo ne?"

Na yi bayani, na yi bayani, har da batiri da auduga. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Malam, in biro ya ishe ka shekara biyu, me ya kai ka ga wannan?"

Ta zauna a bakin gado. Shekara talatin da uku muna tare, ban taɓa jin kunyarta irin ta jiya ba. Na faɗa mata, har da bayan shago, har da sifirit.

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da na ji sauƙi. Ta ce, "Yarinyar nan ta sa bakinta ta ce babu. Kai za ka gaya mata, da bakinka, kafin a sallame su. Ni ba zan ɗaukar maka wannan kayan ba, ba kuma zan bari a shigo da jaririyar nan a kan ƙarya ba."

Na ce ai yanzu na daina na gaskiya, kwana huɗu. Ta ce, "To ka gaya mata kwana huɗun."

Laraba, ƙarfe 7 na yamma

Na je da niyya. Na tarar an ba Auta jaririyar ta ɗora a ƙirji karo na farko, tana ta murmushi ita kaɗai. Wa zai zuba wa wannan ƙasa? Gobe.

Alhamis, ƙarfe 1 na rana

Kwana bakwai. Yau da safe na ji ƙanshin burodi daga gidan burodin da ke ƙarshen layi. Shekara nawa ina wucewa ta nan, na ɗauka sun daina gashi da safe.

Hedimasta ya zo, ya ga janareto a kan tebur, ya girgiza kai. Wai an gudu ba a tsira ba. Watakila. Amma kunnensa ya fita lafiya yau.

Ban je asibiti ba. Aiki ya yi yawa. Mutum biyar ne.

Asabar, ƙarfe 5 na yamma

Likita ya ce sallama ranar Alhamis mai zuwa, in jaririyar ta kai kilo biyu. Gwamnati ta daina waƙa. In ta ajiye mini abinci sai ta tsaya kaɗan, ta ga ko zan yi magana, sannan ta wuce.

Na shirya maganar a kaina sau ɗari. Ina yi wa mutum aski ina jerawa. "Auta, akwai abin da ban faɗa miki ba." Daga nan sai in ga fuskarta, in ga motar surukarta, sai maganar ta watse. In na faɗa, za ta iya tafiya da jaririyar awa huɗu. In ban faɗa ba, ai na riga na daina, wa aka cuta? Haka nake ce wa kaina, kuma ko ni ban yarda ba.

Gobe.

Litinin, ƙarfe 4 na yamma

Ban san ta inda zan fara ba. Hannuna ma ba ya son biron rubutun.

Jiya na tafi asibiti da janareto a aljihun wando. Motar haya awa guda ce zuwa, awa guda dawowa, ga mai teburin nan a bakin get, na ce gara in riƙe abina. Na sa doguwar riga ta rufe.

Auta ta fito baranda muka zauna a benci. Tana ba ni labarin yadda yarinyar ta kama nono da kanta. Na gyara zama, na jingina da hannun bencin. Sai na ji wani sauti, sssss, kamar an ɗiga ruwa a kasko. Na ɗauka famfo ne. Sai cinyata ta ɗau zafi. Sai ga tururi yana fitowa ta ƙasan rigata, da ƙauri, da wani ƙanshin lemo da ya ƙone.

Ashe maɓallin ne ya dannu. Ashe abin da yarinyar shagon take faɗa ke nan ina kallon ƙofa, a danna sau biyar a kulle shi kafin a sa a aljihu. Biro ba shi da maɓalli, shekara biyu ina jefa shi aljihu yadda na ga dama.

Na zabura na fizgo shi, ya faɗi a kan tayil, ya gangara har gaban wata mai shara. Mutanen baranda duk suka juyo. Auta ta kalli abin, ta kalle ni.

Ta ce, "Baba, mene ne wannan?"

Duk jawabin da na shirya babu ko ɗaya da ya zo. Na ce na Dogo ne.

Na Dogo. Da furfurata.

Ta tashi ta koma ciki, ta ja ƙofar a hankali don kada ta tashi jarirai.

Talata, ƙarfe 9 na safe

Ina ta kiran Auta a waya.

Ba ta ɗauka.

Talata, ƙarfe 6 na yamma

Ba ta ɗauka. Gwamnati ta dawo daga can, na tambaye ta, ta ce kilo biyu da ɗan ɗori. Na ce ba shi nake tambaya ba. Ta ce ta sani.

Dogo ya ce in na ga dama zai je ya rantse nasa ne. Na ce ya rufa mini asiri, ƙaryar ta isa haka. Ban zagaya ba. Kwana goma sha biyu. Ban san wa nake ƙirga wa ba.

Laraba, ƙarfe 3 na rana

Na rufe kujerata na tafi, ban ɗauki komai a aljihu ba. Na ce wa nas ta ce wa Auta ina baranda, ba zan tafi ba sai ta fito. Na fi awa ɗaya. Ta fito ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

Na ce, "Nawa ne. Ba na Dogo ba ne." Na faɗa mata duka, tun daga biro. Ban gyara komai ba.

Ta ce, "Baba, na sani. Tun bara na sani. Na zo shago kawo maka saƙo, Dogo ya ce ka fita, na hango ka ta lungu."

Na ce to me ya sa ta ce wa nas babu?

"Kana tsaye a wurin. In ce mata ubana yana sha yana ɓoyewa, a gabanka? Na ce babu don ka ji, in ga ko za ka same ni daga baya ka ce, Auta, gyara maganar nan. Sati uku ina jira. Duk zuwan da ka yi sai in ce yau ne." Ta share ido da bakin mayafi. "Ko ran Lahadi da ka ce naka ne, da mun san yadda za mu yi. Amma ka dube ni ka ce na Dogo. In ta fara tari a gidanka na tambaye ka, me za ka ce mini?"

Wannan karon ban ƙirƙiro wata ƙarya ba.

Ta ce ta je ta gyara takardar da kanta. Nas ta ce kwana goma sha uku abu ne mai kyau amma bai isa a jingina jaririya a kai ba, kuma tururin ma ba a son shi kusa da ita. Ta kira surukarta. Gobe za a zo da mota.

Na ce har yaushe? Ta ce ba ta sani ba. Ta ce, "Zan riƙa kiranka kullum da yamma, tambaya ɗaya zan yi. In ka sha ka ce ka sha. Lambar ba ta dame ni ba kamar in san ta gaskiya ce."

Alhamis, ƙarfe 2 na rana

Sun tafi ƙarfe goma sha ɗaya. Gwamnati ta bi su, za ta yi sati. Na yi wanka sau biyu, na sa riga sabuwa daga leda. Auta ta miƙo mini jaririyar a bakin mota. An naɗe ta da tawul har uku amma ba ta kai nauyin jakar kilifata ba. Ta buɗe ido ɗaya ta harare ni ta rufe. Goshin nawa ne, babu gardama.

Na tsaya har motar ta sha kwana. Janareto yana shago, awa guda daga nan. Mai teburin yana inda yake.

Alhamis, ƙarfe 7 na yamma

Ta kira. Sun isa lafiya, yarinyar ta yi barci duk hanya. Sannan ta ce, "Baba, yau fa?"

Gidan shiru, babu wanda ya gan ni, rigar ma na riga na jiƙa ta a bokiti. Bakina har ya buɗe da "babu".

Na ce, "Ɗaya. A bakin get, bayan kun tafi."

Sai ta ce, "To. Na ji." Na ji motsin zane, ta ce, "Tsaya, kada ka yi magana." Ta kai wayar kusa da jaririyar.

Ƙaramin numfashi ne, da sauri da sauri, da ɗan sauti a ƙarshe. Na riƙe nawa ina saurara har Auta ta dawo kan layi.

Ta ce, "Gobe ƙarfe bakwai, Baba."

Na ce ina nan.